Shugaba Matsa-Gefe da Motar Yayarsa

Duk garin da Allah ya nufa da arziki, sai ya ba shi jami'a. Duk jami'ar da ya nufa da ƙarin arziki, sai ya jefo mata ɗalibi irin Shugaba Matsa-Gefe. Masu baƙin ciki za su ce ai ɗan aji uku ne kawai a sashen nazarin mulki, wanda ajin ya yi wa daɗi har ya ƙara shekara a cikinsa. Wannan maganar 'yan ƙafa ce. Waɗanda suka san daraja sun san tun da aka shimfiɗa kwalta a garin ba a taɓa yin matuƙi kamarsa ba. Hujja kuwa ba ta da wuyar samu, don shi da bakinsa ya faɗa, kuma ya sha maimaitawa.

An ce wai da can shi ma da ƙafa yake yawo. Wai an sha ganinsa yana bin bas ɗin makaranta da gudu, jaka na dukan bayansa, takalmi ɗaya na neman tsinkewa. Shi dai ya ce bai tuna ba, kuma babban mutum ba a matsa masa ya tuna abin da bai ga dama ba.

Arzikin ya zo ne ta hannun yayarsa, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin garin, mace mai ƙarancin magana da kaifin ido. Shekara da shekaru tana tsuke bakin aljihu kafin ta sayi wata 'yar mota ruwan toka, tsohuwa amma tsaf, da ita take kai ɗanta gidan raino ta wuce aiki. Da aka tura ta kos na wasu watanni a wani gari, sai ta kira ƙanenta ta miƙa masa makulli.

"Auta, ba tuƙi na ce ka yi ba," in ji ta. "Ka riƙa zuwa da safe kana tayar da ita ta ɗan yi zafi, sai ka kashe ka lulluɓe ta da tampol. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Kuma ya ji ɗin. Sai dai wanda ya karanta mulki ya san kowace doka tana da fassara. An ce mota ta yi zafi. To, me ya kai tafiya sa mota zafi? Tun ƙurar motar da ta ɗauki Yaya ba ta lafa ba, 'yar ruwan toka ta ƙaura zuwa harabar ɗakunan kwanan ɗalibai maza, tana tafe tana shaƙuwa, tana mutuwa tana farfaɗowa. Tuƙin a waya ya koya, cikin bidiyo, ya haɗa da abin da ya tsinta lokacin da yake leƙen ƙafafun direban bas. Lasisi kuwa ya ce takarda ce, ilimi a ka yake.

Aibin motar ɗaya ne. A gilashin baya akwai wata takarda da Yaya ta manna, mai cewa a yi hankali akwai jariri a ciki. Shugaba ya kankare da farce, ya jiƙa da ruwan zafi, ya gwada da reza, takarda ta ce ba inda za ta. Maƙiya suka ce a bar ta, ai ba ƙarya ta yi ba.

Titin garin nan kuwa aji ne da ba malami. Tsofaffin lakcarori na rarrafe a tsakiyar hanya cikin motocin da suka girmi ɗalibansu, idonsu a gaba, hankalinsu a kan takardun jarrabawar da ba su gama makawa ba. Masu babur kan ɗauki ɗalibi da katifarsa da bokitinsa da abokinsa, su kurɗa ta inda ko kyanwa sai ta yi shawara. Direban tasi na tsayawa duk inda ya ga hannu ya ɗaga, ko da mai hannun susar hammata yake yi. Ɗalibai na tsallaka titi da abin jin kiɗa a kunne, ido a kan waya, sai ka ce sun bar wani ran a ɗaki cikin akwati. Danjar da ke bakin babbar ƙofa kuwa, kowa ya ɗauke ta a matsayin shawara: in ta nuna ja a gode mata a wuce. Cikin wannan fage Shugaba ya shigo, kuma ba a jima ba duk gwanayen suka sara masa.

Zamansa kaɗai abin kallo ne. Kujera a kwantar da ita har sai ƙeya ta kusa taɓa kujerar baya. Gwiwar hannu a waje tana shan iska. Yatsa ɗaya a kan sitiyari, don riƙo da hannu biyu alamar tsoro ce. Baƙin tabarau ko da hadari ya haɗu. Madubin tsakiya ya juyo shi yana kallon fuskarsa, domin a cewarsa abin da ke baya ya riga ya wuce. Madubin gefe ɗaya ya bar shi a jikin wata bishiya tun makon farko, ɗayan kuma ya naɗe shi don kada su yi rashin daidaito. Duk wanda ya gifta masa, mutum ko akuya ko mataimakin farfesa, kalma biyu yake samu ta taga: matsa gefe. Nan sunan ya samo asali. Da farko ya ji haushi, daga baya ya ɗora masa Shugaba a gaba, ya ga ya zauna daram.

Shugabancin ba na banza ba ne. Shi ya kafa Ƙungiyar Ɗalibai Masu Mota, ya tsaya takara ba hamayya, ya ci da gagarumin rinjaye. Sauran ɗaliban da ke da mota ba su taɓa zuwa taro ba, abin da ya nuna sun gamsu da jagoranci. Ɗan ƙungiya tilo da ba ya fashi shi ne abokin ɗakinsa, mai kwana a gadon sama, wanda bai mallaki ko tayar keke ba. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke goge gilashi da hannun riga, shi ke cewa "Shugaba ikon Allah" duk sanda aka tsallake rijiya da baya. Ladansa kujerar gaba. Jama'a suka sa masa Kwandasta, shi kuma ya amsa.

Daga ɗakin kwana zuwa zauren lacca, in malami ya yi tari ana ji. 'Yan ƙafa kan ratsa ta tsakanin fulawowi su isa tun shayinsu bai sauka ba. Mai mota kuwa dole ya zaga ta bayan ɗakin karatu, ya bi ta filin wasa, ya yi faɗa da mai gadi a kan wurin fakin. Saboda haka Shugaba bai taɓa riskar farkon lacca ba. Yakan shigo ana tsakiyar bayani, yana kaɗa makulli a yatsa, ya duƙa kaɗan ya ce, "A yi haƙuri, Malam, gosulo." Sai ya nemi teburin da ya fi amo ya ajiye makullin da ƙarfi, don kada na bayan aji su cutu.

Ba shi da rowar ilimi. Duk tsakar rana a wurin cin abincin ɗalibai yakan ture faranti gefe ya buɗe makaranta kyauta.

"'Yan'uwana 'yan ƙafa," yakan fara, "ni ba na raina ku, kowa da matakin da Allah ya ajiye shi. Amma ku saurara ku ƙaru. Sigina tonon asiri ce. Wane shugaba ne yake sanar da abokan hamayya inda zai juya? Burki kuma an yi shi ne don masu kokwanto. Mutumin da ya san inda ya dosa, me zai tsaya yi? Hon kuwa harshe ne mai nahawu. In na danna sau ɗaya, gaisuwa ce. Sau biyu, nasiha. Sau uku, ina tambayar mutum ne ko da manya a gidansu. In na danne ban saki ba, to jawabi nake yi wa ƙasa."

"Shugaba ikon Allah," in ji Kwandasta, yana jawo farantin da aka ture.

Wani lokaci Yaya kan kira daga wurin kos. Nan take muryar jawabi kan koma ta ɗan auta.

"Kana dai ɗumama motar?"

"Kullum, Yaya. Ba ta taɓa yin sanyi ba."

A nan kam ko maƙiyinsa ba zai ce ya yi ƙarya ba.

Mutum mai wannan baiwa bai kamata ya ƙare a ƙungiyar mutum biyu ba. Da aka buga gangar zaɓen ƙungiyar ɗalibai, Shugaba ya ji al'umma na kiransa, duk da ba wanda ya ji kiran sai shi. Ya fito neman kujerar Daraktan Sufuri, wanda ke kula da bas-bas ɗin makaranta da masu baburan bakin ƙofa. Abokiyar karawarsa wata 'yar aji biyu ce da ake kira Mai Keke, don da keke take zuwa lacca, littattafanta a kwandon gaba. Alkawuranta ƙanana ne har da ban tausayi: a yi rumfa a tashar bas, a ƙara mota da safe, a sa tudun rage gudu a gaban ɗakunan kwana.

"Tudu," in ji Shugaba, yana girgiza kai. "Ana maganar ci gaba tana maganar tudu. Ni in na hau, tudun da ke akwai ma sai na baje shi. Kowane zauren lacca zai sami wurin fakin na musamman mai inuwa. Sannan zan gina gadar sama daga ɗakin kwana zuwa wurin cin abinci, don 'yan ƙafa su daina shiga hakkin titi. Mai keke ta riƙe sufuri? Ai karambanin akuya ke nan, gai da kura."

Ya yanke shawarar ranar Asabar ta ƙarshe kafin zaɓe zai yi jerin gwanon da ba a taɓa gani ba, ko da da mota ɗaya ne. Don a tara mai saboda ranar, sai aka jingine motar na ɗan lokaci a wurin da ta saba kwana, ƙarƙashin wata bishiya a harabar ɗakunan kwana.

Wannan wurin yana da tarihi. Da akwai wani ƙarfe a kafe a nan, wanda ake ɗaura igiyar shanya. Ran da Shugaba ya fara gwada ribas, ƙarfen ya shigo masa ba sallama, ya kwanta bai sake tashi ba. Tun daga ranar ɗalibai ke fama da inda za su ɗaura bakin igiya. Da suka ga mota ta kafe wuri ɗaya ba ta motsi, sai wani mai basira ya duƙa ya ɗaure igiyar a ƙugiyar da ke ƙarƙashin bambar baya, ɗaya bakin kuma yana can a jikin wata ƙusa a bangon banɗaki. Igiya ce doguwa, an yi ta ƙulla wata a kan wata shekara da shekaru. Kuma a wannan gida ba a rataya wanki haka kawai, saboda masu dogon hannu. Zura igiyar ake yi ta hannun riga ta fito ta ɗayan, ta ƙafar wando ta fito ta ƙugu, yadda ɓarawo sai ya kwance ta tun daga farko kafin ya ci riba.

Asabar kuwa ita ce ranar da famfo ke tunawa da ɗalibai. Tun da sassafe kowa ya kwaso duk abin da ya mallaka ya wanke ya zura, ya koma layin wanka ɗaure da tawul.

Da hantsi Shugaba ya fito cikin kwat ɗin aro mai ɗan matse hammata. An lulluɓe motar da fosta mai hotonsa har gilashin baya, jaririn ma yau ya ɓuya. An ɗaure lasifika a kan rufi. Shi da Kwandasta suka shiga ta gaba kamar yadda manya ke yi, ba wanda ya zaga baya. Aka saki kiɗa har tagogin gidan na rawa. Shugaba ya duba fuskarsa a madubi, ya ga shugabanci, ya taka totur.

Motar ta ɗan turje, kamar wani ya riƙe mata riga. Can ƙusar bangon banɗaki ta yi tsalle.

"Ka ji ƙarfin inji," in ji Shugaba.

Haka suka fita daga harabar, wankin gida guda na biye da su: riguna sun buɗe hannuwa, wanduna na harbin iska, zannuwan gado na kumbura, singileti da gajerun wanduna masu tarihi, waɗanda masu su ba su taɓa nufin duniya ta gani ba. Layin wanka ya watse. Maza suka zubo da gudu, hannu ɗaya riƙe da tawul, ɗaya na nuni, wasu da kumfa a kunne, wani da buroshi a baki. Suna ta ihu, lasifika na haɗiye ihun.

Kwandasta ne ya fara leƙawa ta taga. Ya dawo da kansa a hankali. Rayuwarsa duka bai taɓa kai wa Shugaba labari mara daɗi ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba.

"Shugaba, jama'a na bin mu."

"Da yawa?"

"Har da masu gudu. Wasu ko riga ba su tsaya sawa ba."

"Na gaya maka. Ƙauna ba ta jiran riga."

"Kuma akwai wasu kamar tutoci a bayanmu."

"Magoya baya ne suka ɗaura. Kada ka taɓa musu."

Ana ga yaƙi, Shugaba na ga ƙura. Ya karɓi makirufo da hannun da ya kamata ya riƙe sitiyari, ya bar gwiwa na tuƙi. Suka wuce ɗakin karatu, masu karatu suka fito. Suka wuce ɗakunan kwanan mata, benaye suka cika da kawuna, wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. Ko'ina dariya, ko'ina tafi, ana nuna bayan motar. Shugaba na ɗaga hannu yana sunkuyar da kai cikin tawali'u. Ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Ashe haka ake son sa, shi bai sani ba.

Irin wannan farin jini bai kamata a ɓoye shi a cikin makaranta ba. Ya nufi babbar ƙofa, danja ta ba shi shawara, ya gode mata ya wuce, ya faɗa shataletalen da ke gaban ƙofar don mutanen gari su ma su shaida. Mutanen gari kuwa ba su fasa halinsu ba. Ba mai abin hawan da ya tsaya. Masu babur suka riƙa sunkuyawa ta ƙarƙashin zannuwan gado suna hon. Wata tasi ta wuce da safa a kan madubinta. Wani tsohon lakcara ya yi tafiya mai nisa da singileti a gilashin gabansa, ya kunna abin share ruwa, ya ci gaba da tunaninsa.

Shataletalen ƙarami ne, igiyar doguwa. Da Shugaba ya zagayo, sai wutsiyar igiyar ta bayyana a gabansa. Ya ɗage tabarau. Wani gajeren wando mai ratsin ja na rawa a gaban motarsa, gaba da shi tawul, gaba da tawul riguna, duk suna shan kwana a guje.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya gyara murya, lasifika ta kai maganar har cikin kasuwa.

"Jama'a ku gani da idonku. Wannan shi ne irin rashin tarbiyyar da na fito yaƙa. Wani jahili, wanda ban san wa ya ba shi mota ba, yana jan tsummokara a kan titin gwamnati. Kai mai wankin nan, matsa gefe. Na ce matsa gefe. In na hau kujera, irinku ko wilbaro ba za ku sake turawa a garin nan ba."

Ya taka totur don ya kamo mai laifin. Mai laifin ya ƙara wuta. Ya danne hon bai saki ba, ya ƙara takawa, wankin ya ƙara gudu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Jama'a suka kewaye shataletale, wasu sun zauna a ƙasa riƙe da ciki, mai sayar da lemo ta bar tirenta tana share hawaye. Kwandasta ya rufe ido yana karanto duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa.

"Shugaba," ya ce da ƙyar, "kamar wandon can naka ne."

Shugaba ya ƙura ido. Ratsin ja. Facin da ke gefe, wanda shi da kansa ya ɗinke da baƙin zare. Kafin ma'anar abin ta gama sauka daga idonsa zuwa ƙafarsa, igiyar ta gama naɗe ƙarfen allon da ke tsakiyar shataletalen. Ta miƙe, ta yi ƙara, bambar baya ta yi sallama da motar. 'Yar ruwan toka ta yi juyi ɗaya, ta haye dakali, ta tsuguna cikin fulawowi, ta mutu. Lasifika ta gangaro ta kan bonet ta yi shiru.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, sai mutunci. Shugaba ya fito, kuma don sabo ya ɗaga hannu biyu sama. A lokacin masu gudu suka iso suna haki. Na gabansu wani ƙato ne ɗan sashen wasanni, tawul ɗinsa bai gama zagaye shi ba.

"'Yan'uwana ɗalibai," Shugaba ya fara, "wannan zagon ƙasa ne na 'yan hamayya."

"Ina wandona?" in ji ƙaton.

Shugaba ya waiwaya neman Kwandasta. Ya hango shi can cikin jama'a yana ɗaga wata riga mai baƙin mai, yana cewa a gaskiya abin da aka yi musu bai dace ba. Jami'an tsaron makaranta suka ratso taron suka nemi lasisi. Shugaba ya fara bayanin cewa ilimi a ka yake. Suka ce to ya taho da kan ofis.

Hukuncin 'yan ɗakin kwana ya riga na hukuma sauka. Washegari an ga ɗan takarar Daraktan Sufuri a bakin famfo, kwat a rataye, gaban tulin wankin gida guda, ƙaton nan na zaune a kan bokiti yana duba inda bai fita ba. Yana cikin cuɗa wani zanen gado, inuwa ta faɗo a kan kumfar. Ya ɗaga kai. Yaya ce, da jakar tafiya a kafaɗa. Bidiyon ya riske ta tun kafin la'asar ɗin jiya, abokan kos ɗinta ne ma suka nuna mata suna dariya, har sai da ta gane lambar motar.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta riga ta je ofishin tsaro, ta ga motar, ta ga bambar a jingine a bango kamar baƙuwa, ta ba da haƙuri a inda ba ita ta yi laifi ba. Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma ya ji duk jawabansa sun gudu sun bar shi da kumfa a hannu. Ya tuna yadda take fita aiki tun duhu-duhu a kan babur kafin ta sayi motar nan, ɗanta a goye. Wannan karon kunyar ta gaske ce, ta kai har cikin ƙashi.

"Yaya, wallahi ɗumamawa kawai..."

"Ta ɗumamu, Auta. Kawo makulli."

Ya laluba aljihu da jiƙaƙƙen hannu ya miƙa.

"Tuƙi kake so ko? Za ka koya. Gama wankin mutane tukuna."

Zaɓe ya zo ya wuce. Mai Keke ta lashe, har masu tawul suka ɗauki kekenta sama suna zagaye da shi. Shugaba ya ce an yi maguɗi, kuma tarihi zai wanke shi. Tarihi bai ce komai ba, wataƙila ya ga wankin ya isa haka.

Makarantar tuƙin da Yaya ta kai shi tana daidai tsallaken tashar bas ta ɗalibai, inda rabin jami'a ke tsayuwa kowace safiya. Wata rumfar kwano ce, da allo mai hotunan alamomin hanya, da mota ɗaya tak wadda sai an daɗe ake taɓawa. Sababbin shiga a benci suke farawa. Kowa a ba shi murfin bokitin fenti ya riƙe a matsayin sitiyari, a jera masa bulo uku a gaban ƙafa, kuloci da burki da totur, malamin tuƙi na tsaye da 'yar sanda yana kiran kwana. Abokan karatun Shugaba su ne wata hajiya mai shagon atamfa da wani mai gidan burodi, dukansu masu jiki.

Kunya ba ta daɗewa a jikin babban mutum. Kafin mako ya zagayo Shugaba ya farfaɗo. Ya ce shi a ƙarshen benci zai zauna, can bakin gaɓa, don nan ne mazaunin direba. Da ya ga 'yan layin bas sun fara nuno shi, sai ya juya gare su, murfin fenti a hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kada ku yi mamaki, 'yan'uwana. Gayyato ni aka yi in duba tsarin koyarwarsu. Wannan kos ne na manyan direbobi, ba kowa ake ɗauka ba. Matuƙin ƙwarai, ko me aka ba shi zai sarrafa. Mota, jirgi, ko wannan da kuke gani, duk ɗaya ne a hannun gwani."

Bai ji sanda malamin ya ce an tashi ba. Hajiya da mai burodi suka miƙe lokaci guda. Benci ya ɗaga ƙafa sama kamar jakin da ya gaji, ya juye gwani a ƙasa, ya biyo shi ya kwanta a kansa. Murfin fenti ya fice daga rumfar, ya gangara ya tsallaka titi shi kaɗai, ya faɗi a gaban layin bas.

Malamin tuƙi ya tako a hankali, ya ɗage bencin, ya duba ƙafafunsa ko sun karye, sannan ya duba ɗalibin.

"Na ga masu kifar da mota, na ga masu kifar da babur," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri. Kai a tabarma za ka fara."